Awa Goma Sha Takwas a Kusa da Wani

Zuwa ga hantsina mai ɗumi, inuwata ta tsakar rana, ƙamshin ƙasa a ruwan farko, ungozomar da ta fi kowa sanyin hannu, wadda tun da ta ɗaga ido ta dube ni na daina ganin kyan kowace mace a layinmu!

Gaisuwa mai nauyi, irin wadda da za a ɗora ta a sikeli da ba za a bar ta ta hau jirgi ba. Ina fatan kina lafiya, ina fatan sanyin garin da kike bai taɓa miki ko ɗan yatsa ba, ina fatan jariran da kike karɓa suna fitowa da kuka mai ƙarfi. Ni ma ina nan ƙalau, in dai ana kiran mutumin da yake cin abinci bai san me ya ci ba mai lafiya.

Na san za ki yi mamakin takarda, alhali ga waya a aljihuna. To kin san halin bakina: ya fi ni wayo. Da na ji muryarki sai ya ɓuge da barkwanci, mu yi dariya, mu yi sallama, abin da yake cina yana nan inda na bar shi. Ga kuma agogonku da ya riga namu da awa bakwai, ina buɗe shago kina tsakiyar aiki, ina jan ƙofa kin daɗe da yin barci. Sai jiya Allah Ya kawo wata dattijuwa za ta ziyarci ɗanta a garinku, ta zo sayen akwati. Na zaɓar mata mai kyau, na ƙara mata kwaɗo kyauta, na roƙe ta in ta tashi tafiya ta biyo ta saka mini ambulan a aljihun ciki. Ta ƙare mini kallo ta ce, "Ɗan nan, ambulan ɗin da kake faɗa ba na kasuwanci ba ne." Ban musa ba.

Dalilin gaggawar shi ne, na ji asibitin da kika je ƙaro ilimi na shekara ɗaya ya miƙa miki takardar ƙarin shekara uku, kuma ƙarshen watan nan za ki ba su amsa. Shekara uku, sanyin idona! Kafin alƙalaminki ya taɓa takardarsu, ki karanta tawa.

Tun ranar da kika tafi na je wajen mai sayar da tikiti na ƙarshen layinmu na ce ya gaya mini gaskiya, ina aka kai ki. Ya juyo mini da allon kwamfutarsa ya nuna mini wani siririn zare da ya tashi daga garinmu, ya haye hamada, ya haye teku, ya haye duwatsun da ban san sunansu ba, ya je ya sauka a naku. Kilomita dubu goma sha ɗaya da ɗari biyu. Awa shida zuwa inda ake yada zango, awa huɗu ana jira, sannan awa takwas a jirgi na biyu. Goma sha takwas cif. Wata goma ke nan ina tsanar wannan lissafi, don shi ne katangar da ta raba ni da ke. Amma tun ranar Litinin na koma tsanarsa saboda wani dalili daban, kuma wannan tsanar ta fi ta farko zafi.

Ranar Litinin Autar gidanku ta kawo jakarta zik ya lalace. Ina gyara mata muna hira, sai na tuna da akwatinki. Kin tuna ai, ni na auna shi da hannuna, kilo ashirin da bakwai, alhali ashirin da uku suke yarda da shi. Na ce ki rage, kika ce babu abin da za ki bari, kika ce in ni ɗan kasuwa ne ke ma 'yar mutane ce, za ki san yadda za ki yi da su. Sai na tambayi Auta yaya aka ƙare da kilo huɗun nan. Ta washe baki ta ce, "Lah, ba ta gaya maka ba? Ai Yaya ta yi sa'a! Wani abokin aikinsu mai haɗa magani, shi ma an tura shi can, ya ce akwatinsa da fili, ya kwashe mata. Kujerunsu ma a jere suke. Mutumin kirki wallahi!"

Mutumin kirki! Filaya ta kuɓuce daga hannuna. Yarinya ba ta lura ba, har da ciro waya ta nuna mini hoton da aka ɗauke ku a filin jirgi. Ga ki nan kamar wata ɗan daren sha huɗu a cikin fitilun mutane, ga wani dogo mai tabarau a gefenki yana murmushin wanda ya tsinci abin da bai yi wa wahala ba. Amma ba fuskarsa ce ta kashe ni ba, zuciyata. Akwatinsa ne. Babba, ruwan toka, taya huɗu, da ɗan ƙarzanen nan kusa da mariƙi wanda ni da kaina na shafe da man takalmi. Ni na sayar masa!

Na tuna shi sarai. Madaidaici ya zo nema, ya ce kayansa ba su da yawa. Ni kuma uban 'yan surutu, na gyara tsayuwa na ce masa, "Ranka ya daɗe, ɗauki babba. Filin jirgi wurin jama'a ne, ba ka san wanda zai roƙe ka ka ɗaukar masa wani abu ba." Haka nake gaya wa kowa, shekara goma sha biyar ke nan, ban taɓa tunanin akwai ranar da maganar za ta zama gaskiya ba. Ashe da bakina na yi masa fili, da hannuna na goge masa akwatin, har na raka shi bakin titi ina yi masa fatan sauka lafiya!

Kuma na san abin da aka kwashe, don na san yadda ake buɗe akwati a gaban ma'aikata: na sama ake ɗiba. Me ke sama? Rigar sanyin nan mai kauri da na yi kwana uku ina zaga kasuwa kafin na samo miki, wadda na naɗe da kaina na ɗora a ƙarshe don ki fara cin karo da ita. Rigata, kyautata, ta haye teku kwance a kan rigunan Mai Tabarau, tana shan ƙamshin turarensa! Wane irin alhaki na ɗauka?

Ki tsaya ki ji lissafina, ya furen da ba ya yaushi. Shekara uku ina bin ki. A shekara ukun nan yaushe na taɓa samun awa ɗaya cikakkiya da ke? Minti goma in kin taso daga aiki kin biyo ta shago, shi ma sai wani ya tsoma kai yana tambayar jakar makaranta. Minti ashirin a falonku, Mama na gefe tana tsefe wa jika kai, kunnenta ɗaya yana wajenmu. Ɗai-ɗai nake tsintar ki, kamar tsuntsu da ƙwayar hatsi, in tafi gida ina juya kowace kalma. Shi kuwa rana ɗaya ya zo ya ɗauke ki sari! Awa goma sha takwas a dunƙule, kafaɗa da kafaɗa, babu mai saye, babu Mama, babu inda ɗayanku zai tashi ya tafi ko da ya so.

Me ake faɗa a awa goma sha takwas? Ni da ake kira mai baki, a awa biyu zan iya ba mutum tarihina tun daga yaye. To shi me ya gaya miki a sha shidan da suka rage? Ke da ko tsani ba kya iya hawa sai kin rufe ido, da jirgi ya ɗaga hanci sama, hannun wa kika damƙe? Da ya shiga gajimare ya fara jijjiga, wa ya ce miki kada ki ji tsoro? Da aka kawo abinci a ɗan faranti, wa ya ga yadda kike ture abin da ba kya so gefe da bayan cokali? Wannan ture-turen nawa ne, ni na fara ganinsa, ni ya kamata in riƙa gani har in tsufa! Sannan awa huɗun nan na zango, su suka fi ci mini rai. A jirgi ko ba komai an ɗaure kowa a kujerarsa. A zango kuwa ƙafa a sake take, ga shaguna masu walƙiya, ga wurin shan shayi, ga mutum mai ladabi yana cewa kawo jakar in riƙe miki.

Akwai abin da ya fi wannan. Kin tuna safiyar da kika taso daga aikin kwana, aka tsuge da ruwa, kika fake a shagona? Kika zauna a benci kika ce minti biyu kawai, kafin in juyo da shayi barci ya sace ki. Kanki ya karkata hagu, a hankali, a hankali, kamar reshe da ya yi nauyi da 'ya'ya, har ya sauka a kan tarin jakunkuna. Na tsaya riƙe da kofi ina kallon gashin idonki, ruwa na dukan kwano, ni kuwa ko numfashi da dabara nake yi. Mutum uku na kora a ranar, ina yi musu raɗa cewa kaya sun ƙare, alhali ga kaya har rufi. Ban taɓa yin asarar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba. Tun ranar na san hagu kanki yake faɗawa.

To shekaranjiya na koma wajen mai tikiti na ce ya buɗe mini zanen kujerun jirgin. Na san taga za ki zaɓa. In tagar ɓangaren hagu ce, bango ne ya tare kanki, na gode wa Allah, na yafe wa bango. In kuwa ta dama ce, wa ke hagunki? Wa ke hagunki, hasken raina, tsawon awa takwas a saman teku? Na tambayi Auta wane ɓangare, ta ce ita ina ta sani. Mai tikiti ya ce shi ba ya ajiye irin wannan, ya kuma tambaye ni ko lafiya.

Kuma kaya ba sa zama a akwatin wani har abada. Wanda ya ɗaukar maka kilo huɗu dole ya mayar maka, wanda zai mayar kuwa dole ya san ƙofarka, ya san hawa na nawa, ya san wace ƙararrawa ake dannawa. Ni da nake mutuwa a kanki ban san launin ƙofar ɗakinki ba. Shi ya sani tun ranar farko.

Maƙwabcina mai gyaran agogo ya gaji da ni. Jiya ya cire gilashin nan na idonsa ya ce, "Maƙwabci, jirgin nan wata goma ke nan da sauka, kowa ya ɗauki kayansa ya tafi gida. Kai kaɗai ne har yanzu kake sama." Na ce ya ji da agogunansa da babu biyun da suka taɓa yarda da juna. Amma gaskiya ya faɗa. Ina sama, ina kujerar bayanku, ina leƙe ta tsakanin kujeru kamar ɓarawo.

Kada ki ce ina zargin ki. Wallahi ban zarge ki ba, ke da kika fi raɓar asuba tsarki. Kishi ne, kuma nawa ba ya zaɓe. Ina kishin tagar da kika jingina da ita. Ina kishin bargon da suka ba ki. Ina kishin ma'aikacin da ya karɓi fasfonki, wanda doka ta ba shi izinin ya kalli fuskarki, ya kalli hoto, ya sake kallon fuskarki, a kuma biya shi albashi a kan haka! Ina kishin ranar da take riga zuwa wajenki da awa bakwai, ta gama kallonki sannan ta zo mini da saura. In har ina kishin rana, me kike so in yi da mutum mai tabarau da ya iya magana a hankali?

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa na ɗauki biro, don duk na sama kewaye ne irin namu na 'yan kasuwa.

Ranar da mutumin nan ya sayi akwati, bai yi tayi ba. Na faɗi kuɗi, irin na farko da ake faɗa don a rage, ya sa hannu a aljihu ya biya ya ɗauka. A lokacin dariya na yi masa a raina, na ce wannan bai san kasuwa ba. Yau shi ne abin da yake hana ni sukuni. Mutumin da in ya ga abin da yake so ba ya ja, ba ya nuna kamar bai damu ba, ba ya jiran a kira shi, irin wannan mutumin in ya ga mace kamarki ba zai yi shekara uku yana zolaya ba. Zai buɗe baki ya faɗa.

Ni kuwa me na yi? Ranar da kika zo da takardar gurbin karatun nan kika tsaya a bakin shago, kika ce an ba ki, kika ce, "Kai me ka gani?" Kika zuba mini ido. Na san abin da kike jira, kada ki zaci ban sani ba. Amma tun ina yaro abu ɗaya aka koya mini a kasuwa: kada ka nuna wa mai saye kana buƙatarsa. In ya juya zai tafi, ka ƙyale shi, ka kama goge kaya, ka ƙirga takunsa. Kafin ya kai kwanar mai ɗinki zai waiwayo, sai ciniki ya faɗa a yadda kake so. Shi na yi miki. Na ce Allah Ya sa alheri, na ɗauki tsumma na juya baya ina goge akwatin da ba shi da ƙura, ina ƙirgawa a zuci. Ina jira ki dawo ki ce ba za ki iya tafiya ki bar ni ba, don ya zama ke kika faɗa, ba ni ba. Na ƙirga har talatin. Da na waiwaya kin sha kwana.

Ko a ranar ban karaya ba, na ce gobe za ta dawo. Har na auna miki akwati ina murmushi, ina jiran ki ce kin fasa. Dabarar da ta ciyar da ni shekara goma sha biyar, ita ta kai ki nisan kilomita dubu goma sha ɗaya, ta zaunar da ke kusa da wani. Ke ba mai saye ba ce, ni ma ba kaya nake sayarwa ba, amma sai da jirgi ya tashi na gane. Auta ta ce da Mama ta tambaye ki zancen shekara ukun nan, cewa kika yi, "To ai babu wanda ya ce in dawo." Maganar nan ta shige ni kamar allurar buhu. Gaskiya kika faɗa, babu wanda ya ce.

To ga shi na ce. Ki dawo! Ki dawo, ruwan sanyina, ki dawo, tauraruwar da nake duba hanya da ita! Ina son ki, ina so ki zama matata, ina so in tsufa ina jin ƙarar takalminki a matakala. Na faɗa da farko, na faɗa a rubuce, babu ragi a ciki kuma ba na jiran tayi. Na riga na gaya wa Yayata da Kawu, Yaya har ta yi mini tatas, ta ce da ta san wautar da na tafka da tuni ta zo shagon ta ja mini kunne a gaban masu saye. Kalma ɗaya suke jira daga gare ki su je su ga Mama.

Ba na ce ki bar aikinki ba. Matan garinmu ma haihuwa suke, kuma tsohuwar shugabarku ta ɗakin haihuwa, duk sanda ta wuce ta layinmu sai ta tambaye ni yaushe za ki gama. Amma in kin duba zuciyarki kin ga shekara ukun nan su ne burinki, don aikin, ba don wani mai tabarau ba, to ki gaya mini haka da bakinki. Na yi fasfo satin nan. Ni da ban taɓa hawa abin da ya fi motar haya tsayi ba, zan ɗaure kaina a kujera in rufe ido, in sha awa goma sha takwas ɗin nan har digon ƙarshe, in zo a ɗaura aure a can, in riƙa zuwa ina dawowa har ki gama. Abu ɗaya ne ba zan iya ba: ki sa hannu don kina zaton babu mai jiran ki.

In kuma na makara, in wani ya riga ya faɗi abin da na tsaya ja a kai, shi ma ki faɗa mini kai tsaye. Zan ji kamar an zare mini haƙarƙari, amma ba zan zage shi ba, ba zan kuma ga laifinki ba.

Ranar da takardar nan za ta shiga hannunki, saura kwana goma sha ɗaya asibiti ya karɓi amsarsa. Hanyar da ke tsakaninmu duk tsawonta ba ta cin kwana ɗaya cikakke. Goman da suka rage naki ne, ki yi tunani a tsanake. Ni na gama nawa.

Naki, jiya da yau da duk ranar da Allah Ya ara mini, ko kin dawo ko kin ce in zo ko kin yi shiru, wanda ba zai ƙara juya miki baya ba,

Mai Akwati